Kafin ka sallama wa Alhajin maƙwabci gidan haya

A kusan kowace unguwar Maraɗi da kwalta ta ratsa, akwai gidan da maƙwabci ya ɗora wa ido. Galibi tsohon gidan haya ne, ɗakuna shida ko takwas a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, rabi laka rabi siminti. A jikin katangarsa kuma wani Alhaji ya riga ya sayi na kusa ya rushe, yana shirin tada bene: shaguna a ƙasa, ofisoshi ko ɗakunan kwana a sama, ma'ajiyar kaya ta baya. Shi da kansa ba ya zuwa. Dillali yake turowa bayan la'asar, a gaisa, a tambayi iyali, sannan a ce: "Alhaji ya ce in kuna da niyya ku faɗi kuɗinku, ba ya son bare ya shiga tsakaninku." Daga ranar nan mai gida ya rabu da barci mai nauyi.

Ni a ganina, mafi yawan masu irin wannan gida bai kamata su sayar ba. Waɗanda kuma halinsu ya kai ga sayarwa, bai dace su rungumi tsabar kuɗi kawai su tashi ba.

Ba gaba nake da bene ba, kuma ban ga laifin mai kuɗi don ya so faɗaɗa gininsa. Garin nan shi kansa tashi ya yi ya sake mazauni. Ambaliyar 1945 ce ta cinye tsohon gari a fadamar Gulbi, aka hauro kan tudu aka yanka shi layi-layi, Bagalam da Mokoyo da Ƴandaka da Maradawa da Ɗan Gulbi da Limanci kowa ya samu gurbinsa. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 267,000 a cikin birnin, kuma ko makaho ya san mun wuce nan nesa. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta jawo ɗalibai da malamai daga jihohi daban-daban, bikin Maraɗi Kwalliya na 2015 ya shimfiɗa kwalta a wuraren da a da sai rairayi. Garin da ke cika haka dole ya yi sama, in ba haka ba zai ci gaba da cinye gonakin ƙauyukan da ke kewaye da shi. Damuwata ita ce yadda ake cinikin, da wanda ake bari a rana bayan an gama.

Abu na farko da mai gida ya kamata ya gane shi ne, filinsa ya fi daraja a wurin wannan maƙwabcin fiye da a wurin kowa a duniya. Baƙo in ya saya, fili ɗaya ya samu. Maƙwabci in ya saya, nasa ne ya ninka: ya samu fuska mai faɗi a bakin hanya, ko ya zama mai kwana, ko ya samu ƙofar da babbar mota za ta shiga ta sauke buhuna. Shago huɗu ya koma takwas a kan harsashi ɗaya. Kuma ba shi da wani wurin da zai je ya sayi wannan amfanin, domin fili ba ya ɗaukuwa a kai a matso da shi. Saboda haka in dillali ya ce maka "an sayar da irinsa a layin baya kaza," wannan farashin baƙo ne. Kai ba da baƙo kake ciniki ba. A tuna kuma dillali sai ciniki ya faɗa yake cin la'adarsa, wani lokaci ma daga ɓangarorin biyu, don haka in ya ce "Baba, wallahi wannan dama ce ba ta dawowa," yana iya zama mutumin kirki mai gaskiya, amma shi ma yana da tukunya a kan wuta.

Mai saye kuma ba lissafin bana yake ba. Ya ji labarin layin dogo na kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, yana kuma kallon yadda gari ke cika. Abin da wurin zai zama nan da shekara goma yake saye, da kuɗin yau.

Mu yi lissafi da misali, kowa ya sa nasa adadin. A ce ɗaki shida ne, kowane jika goma a wata. Jika sittin ke nan, sefa 720,000 a shekara. A cire kuɗin wata biyu saboda yaɓe da gyaran kwano da kwasar masai da ɗakin da ya zauna babu kowa da ɗan hayar da ya gudu da bashi, saura 600,000. Sai Alhaji ya taya miliyan 15. Hayar shekara 25 ke nan a dunƙule, a hannu, yau. Duk wanda ya ji haka zuciyarsa za ta buga, kuma ban ga laifinsa ba. Sai dai lissafin bai ƙare a nan ba. Bayan shekara 25 ɗin, wanda ya riƙe gidansa ya ci hayar kuma filin na nan, ga shi kuɗin ɗaki ba zai dawwama a jika goma ba. Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce: miliyan 15 ɗin, mene ne za ta saya maka a Maraɗin yau wanda zai riƙa kawo maka jika hamsin kowane ƙarshen wata ba tare da ka fita rana ba? In ka sayi fili a bayan gari ka zuba ɗakuna shida na siminti, ka ja ruwa da wuta, da wuya wani abu ya rage, kuma ɗakin bayan gari ba ya kama kuɗin ɗakin da ke kusa da babbar kasuwa. In kana da amsa tabbatacciya, wadda ka je ka gani da idonka ka ji farashinta, to maganar sayarwa ta taso. In amsar ita ce "in kuɗin ya zo ma gani," kada ka sallama.

Dalili kuwa, kuɗin gida ba ya ɓoyuwa. Kafin a gama ƙirga shi unguwa ta ji, dangin ƙauye sun ji. Ga ƙanin da matarsa ke kwance a likita, ga ɗiyar da aka sa wa rana, ga kujerar Makka da tsohuwa ta daɗe tana roƙon Allah, ga ɗan da ya gaji da zaman banza yana son jari ya riƙa sari a Kano. Babu ɗaya a cikin waɗannan da yake mugun abu, kuma mutumin da ke da miliyoyi a ɗaki ba zai iya kallon idon ɗan'uwansa ya ce babu ba. Haya kuwa tana zuwa kaɗan-kaɗan, daidai buhun hatsi da kuɗin makaranta da magani, ba ta kai girman da za a taru a kanta ba. Na sha ganin dattijon da a da ake kawo masa kuɗin haya har ƙofar gida, ya koma shi ke jiran ƙarshen wata da fargaba a gidan wani. In ka bi diddigi ba caca ya yi ba, ba shaye-shaye ba. Hidima ce ta bi kuɗin har ta ga bayansa.

Masu cewa za su juya kuɗin a kasuwa, su tuna abin da muka gani da idonmu ba da daɗewa ba. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya sake rufe ta, aka yanke wutar da ke zuwa daga can, sai a farkon 2024 aka sassauta. Motoci sun yi layi a Ɗan Isa, kaya sun lalace, jarin mutane da yawa ya narke a hanya. Naira ta faɗi, wanda ya bayar da bashi da ita ya karɓi abin da bai kai rabin ƙimarsa ba. Manyanmu kuma ba su manta Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. A duk waɗannan lokuta ƴan haya sun yi jinkirin biya, wasu sun roƙi a ɗaga musu ƙafa, amma ɗakunan ba su je ko'ina ba. Ga kuma abin da ya kamata ya tsayar da mai tunani: Alhazan garin nan, tun zamanin cinikin gyaɗa, ribar da suka samu a fatauci a gidaje da filaye suke binne ta. Mutumin da ya fi ka sanin kasuwa yana kwashe kuɗinsa daga kasuwa yana zubawa a ƙasa, kai kuma kana shirin tono naka daga ƙasa ka kai kasuwar da shi yake gudu.

Wurin da abin ya fi yi mini ciwo shi ne gidajen gado, kuma yawancin tsofaffin gidajen hayar cikin gari na gado ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dillali ya san wane ne a cikin magada bashi ya shaƙe, da shi zai fara. A zauna a zaure, maza uku ko huɗu su gama magana, sannan a aika wa ƴan'uwa mata da ke gidajen aurensu a Tasawa ko Madarunfa cewa "an yanke shawara." Ita kuma uwar gidan, wadda hayar nan ce cefanenta tun ranar da mai gidan ya rasu, sai dai ta ce "Allah ya sa haka ya fi alheri." A duba rabonta. Matar mamaci mai ƴaƴa tumuni take da shi, in su biyu ne ko uku su raba tumunin. A cikin miliyan 15 ɗin misalinmu, sefa 1,875,000 ke nan. Ba zai saya mata ɗaki a cikin gari ba. Muddin gidan na tsaye, ƴaƴa kan ji kunya su bar mata hayar ko mafi yawanta. Ranar da aka mayar da shi kuɗi, kowa ya ɗauki ƙididdigaggen rabonsa ya kama gabansa, ita ta koma jiran abin da za a aiko.

Akwai kuma maganar da ake yawan yi ba daidai ba, cewa wai maƙwabci shi ya fi kowa haƙƙin saye, har wasu su ji kamar sun yi zunubi in sun ce masa albarka. A mazhabar Malikiyya da muke bi, shuf'a, wato haƙƙin fifiko wajen saye, ta abokin tarayya ce a dukiyar da ba a raba ba. Risala, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta faɗa ƙarara cewa babu shuf'a ga maƙwabci. Sanar da shi kafin kowa kyautatawa ce, kuma abu ne mai kyau, amma ba ta wajabta maka sayarwa ba, balle ragi. Masu haƙƙin gaske su ne sauran magada. In ɗaya ya sayar wa Alhaji kasonsa kafin a raba gida, ƴan'uwansa suna da ikon biyan kuɗin da aka biya su karɓe kason, mace ce ko namiji. Wanda yake gari ya sani ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi. Mata da yawa ba su san suna da wannan ikon ba, kuma babu mai gaya musu. In kuma akwai marayu ƙanana a cikin magada, wasiyyi ba ya sayar da gidansu don farashi ya burge shi. Sai da larura ko maslaha bayyananniya, a gaban alƙali, da takardar taron dangi da kotu ta sa wa hannu.

Duk da haka akwai gidan da riƙe shi wahala ce kawai. Wanda ya ga abin da daminar 2024 ta yi wa gidajen laka a garin nan ya san abin da nake nufi. In katanga ta jiƙe har gindi, azara ta ruɓe, mai gida ba shi da halin tada ginin siminti, to ajiye mutane a ciki ana karɓar kuɗinsu ganganci ne da rayuka. Haka in magada sun kai ga ba sa gaisawa saboda jika goma, ko bashi ya kai mutum ga ƙofar kotu. Sannan gaskiya ce benen maƙwabci yana iya rage wa gidanka daraja: hawa uku a jikin katangarka, tagogi suna kallon tsakar gidan da mata ke girki da wanka da yara, ruwan indararonsa yana sauka a gindin bangonka. Magidanci mai iyali zai tashi ya bar maka ɗakin. Kuma in ya gama gininsa ba tare da filinka ba, wataƙila tayin ba zai sake kai na farko ba. Mai gida ya auna wannan da idon basira, ban ce ya rufe ido ya ce a'a ba.

In an kai ga sayarwa, ni shawarata a nemi musaya kafin a nemi tsaba. Mai gina bene yawanci yana da wasu gidaje da filaye a Zariya ko Ali Ɗan Tsoho ko wata unguwar. A ce masa ya kawo gida ginanne mai ƴan haya a ciki, ya cika da kuɗi. Ko kuma a sayar masa da sharaɗin shago biyu a ƙasan benen su zama naka. Wannan na biyun yana da daɗin ji amma yana son taka-tsantsan, domin abin da ba a gina ba ake magana a kai: a rubuta faɗinsu da tsawonsu, wace fuska suke kallo, yaushe za a miƙa makulli, da abin da zai riƙa biyanka duk wata kafin lokacin. A tambayi malami ingancinsa, a rubuta a gaban noter, wato jami'in shari'a mai tabbatar da takardun ciniki, kada a tsaya ga shaidu biyu da fatiha. Shaidu suna mutuwa, Alhajin ma yana mutuwa, ƴaƴansa kuma takarda za su tambaya. Kuɗi kuwa a biya shi gaba ɗaya ta banki kafin a ba da makulli. "Rabi yanzu, rabi bayan Salla" ya jefa mutane da yawa cikin sintiri, domin ranar da katafila ta bi ta kan ɗakunan, ba ka da sauran abin riƙewa.

Takardu ma a gyara su tun kafin dillali ya yi sallama. Gidaje da yawa har yanzu sunan kaka ne a kan takardar da ma'aikatar magajin gari ta bayar, ba a taɓa juya ta zuwa sunan magada ba, balle a kai ga titir fonsiye, wato cikakkiyar takardar mallakar fili ta gwamnati. Mai saye yana fakewa da wannan ya karya farashi, alhali shi cikin ɗan lokaci zai kammala abin da ku kuka shekara talatin kuna ɗagawa. Ko ba za a sayar ba, wannan aiki ne da ya kamata a yi tun manyan da suka san iyakoki suna raye.

Saura mutanen da ba a kiran su zaure ranar ciniki, alhali a kansu abin zai ƙare. Malamin makaranta, mai ɗinki, ɗan kabu-kabu, bazawara mai tuyar ƙosai a ƙofar gida, ɗaliban da suka haɗa kuɗi suka kama ɗaki ɗaya. Wasu sun shekara goma suna biyanka, a gidan aka haifi ƴaƴansu. Sau da yawa ba sa jin labari sai sun ga baƙi suna auna katanga da igiya, sannan a ce musu su fita ƙarshen wata. Wannan zalunci ne, kuma mai sayarwa yana da kaso a ciki ko da ba shi ya furta ba. A fiƙihunmu haya alƙawari ce mai ɗaurewa, sayar da gida ba ya warware ta kafin wa'adinta. Mai shago a jikin gidan kuma dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke ciki, ta ce sabon mai gida yana gadar alƙawarin tsohon ne, ba ya korar ɗan kasuwa don kawai gida ya sauya hannu. Matsalar ita ce yawancin hayarmu da baki ake ƙulla ta, babu ko rasit, shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi ba ya ma tunanin zuwa kotu. To tun da mai sayarwa ne ke da bakin magana kafin ya karɓi kuɗi, shi ya kamata ya sa sharaɗin a cikin takardar ciniki: wata kaza na shiri, ba a tada kowa tsakiyar damina, ba a tada mai ƴaƴa a tsakiyar shekarar karatu, a yafe musu hayar watannin ƙarshe su samu na kama wani wuri. Mutumin da zai zuba miliyoyi a bene ba zai fasa ciniki saboda wannan ba. In kuwa ya ce zai fasa, ka san irin mutumin da za ka bar wa tsofaffin maƙwabtanka.

Kowane gidan haya da ya koma shaguna a tsakiyar gari, gida shida ko takwas ne suka koma bayan gari, inda ruwa sai an saya a kura, inda zuwa kasuwa da dawowa kullum sai an biya kabu-kabu. Masu yi wa kasuwar aiki, ƴan dako da masu gadi da masu abinci, su ake turawa nesa da ita. Wannan ya wuce maganar mai gida ɗaya da maƙwabcinsa, kuma a nan hukumar birni take da aiki. Kafin a ba mutum izinin tada bene a tsakiyar gidajen iyali, a je a duba ina tagoginsa za su kalla, ina ruwan rufinsa zai bi, nawa zai bari tsakaninsa da katangar wani. Malamanmu sun daɗe da sanin hukuncin: ba a buɗe tagar da za ta tona asirin gidan maƙwabci, ba a haƙa abin da zai cuce shi ko da a cikin filinka ne. In an tsare wannan, mai ƙaramin gida ba zai sayar don tsoron a kashe masa gida da inuwa da ruwa ba, sai don ya ga amfanin sayarwar. A kuma riƙa tambayar mai neman izinin rushe gidan haya takardar da ke nuna an ba mazaunansa wa'adi, da sa hannunsu a kai, kafin a buga masa hatimi.